Na Jira Sai da Aka Tashi

Kowa a unguwarmu yana da nasa bayanin dalilin da ya sa bankin nan bai ɗauke ni aiki ba, kuma babu wanda ya gano. Matan zumunta na cocinmu sun ce rashin wani babba ne a sama, wai irin wannan wuri ba a shigarsa sai da mai riƙe maka hannu. Ogana na shagon kwamfuta ya ce takarda ce, ina 'yar sakandare za ta je ta zauna cikin masu digiri. Wani maƙwabcinmu da bai taɓa wuce Kagoma ba ya rantse sunana suka gani, suka san daga inda na fito. Mama kuwa ko dogon tunani ba ta yi ba. Ta ce bakina ne. Nata ya fi ci mini rai, don shi ya fi nisa da gaskiya.

Ban ga laifinta ba. Ni mai baki ce tun ina ƙarama, kuma ba ni da haƙurin jira. Idan abu ba daidai ba ne, kafin in yi tunani magana ta riga ta fita. Wanda har yau ake ba da labarinsa a gidanmu shi ne na Kawu, yayan Mama, hedimasta mai ritaya kuma dattijo a ikilisiyarmu. Wata Lahadi yana karanta sanarwa a gaban jama'a, ya ce ranar Alhamis za a yi jana'izar wata tsohuwa. Ni na buga takardar tsarin jana'izar a shago, na san Juma'a ce. Daga bencin matasa na ce, "Juma'a ce, Kawu." Ban ɗaga murya ba, amma coci ya yi tsit, sai yara suka fashe da dariya.

Da yamma Mama ta tasa ni gaba har gidansa, ta sa na durƙusa. Kawu bai yi faɗa ba. Ya ce, "Kina da gaskiya, Juma'a ce. Amma babba idan ya yi kuskure a gaban mutane, ba a nan ake gyara masa ba. Ki bari a tashi, ki bi shi gefe, ki faɗa masa a hankali. Shi zai dawo ya gyara da bakinsa. An gyara abu, kuma ba a kunyata kowa ba." A raina na ce da na jira an tashi, ai da rabin coci sun tafi da Alhamis a kansu. Amma na ce to, don gwiwata ta fara ciwo.

Aikin kwamfuta kuwa ba makaranta ta koya mini ba. Da na gama sakandare babu halin ci gaba, sai na kama aiki a wani shago a Kafanchan, inda ɗaliban kwaleji ke kawo furojet a buga musu. Idan babu kwastoma ko an ɗauke wuta, sai in riƙa kallon darussa a waya. Haka na koyi rubuta kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta layi bayan layi don ta yi aiki. Ya dace da halina. Kwamfuta ba ta jin kunyar kowa, idan ka yi kuskure nan take za ta gaya maka, kuma ba sai ka je ka durƙusa ba.

Abu na farko mai amfani da na haɗa shi ne wata ƙaramar manhaja ta shagonmu. Ɗalibi zai turo furojet ɗinsa daga waya, ya samu lambar layi, mu buga kafin ya iso. Satin farko ta jawo mini zagi. Netwok ɗin garinmu kowa ya san shi, ka danna abu ya tsaya yana juyi. Ɗalibai sai su sake dannawa, su sake, ni kuma manhajar tawa duk dannawa sabon aiki take ɗauka. Muka buga wa wata yarinya furojet ɗinta har sau uku. Oga ya ɗora takardun a kan teburina ya ce in dafa in ci. Na zauna na gyara, ta yadda ko mutum ya danna har yatsansa ya gaji, sau ɗaya za a karɓa. Tun daga nan, duk kod ɗin da na kalla, abin da idona ke fara nema ke nan.

Sai ga tallar wani babban banki a intanet, suna neman masu rubuta manhaja. Abin da ya tsayar da ni shi ne sun ce jarrabawa za a fara yi, ba a tambayi satifiket ba. Na yi ta a shago, ranar da Oga ya tafi ƙauye duba cittarsa. Na ci. Suka turo ta biyu, wadda ta fi wuya, ita ma na ci. Bayan nan imel ya zo cewa in je ofishinsu na Abuja a yi mini intabiyu.

Kuskurena na nuna wa Mama a tsakar gida, maƙwabta suna ji. Kafin gari ya waye labari ya gama unguwa. Ranar Lahadi fasto ya sa na tsaya aka yi mini addu'a. Wata malamar firamare ta ara mini kwat ɗinta, wata ta kawo takalmi mai tsini wanda ban iya tafiya da shi ba. Ana gobe zan tafi, Kawu ya aiko in je.

Na same shi a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidansa, Mama tana gefe a kan benci, na gane an riga an tattauna ni. Kawu ya daɗe yana zama cikin masu ɗaukar malamai aiki, don haka ba da ka yake magana ba.

"Na ga yara masu ilimi sun faɗi a intabiyu saboda abu ɗaya," in ji shi. "Akwai wani yaro, lissafi kamar ruwa. Ciyaman ɗinmu ya faɗi wata shekara ba daidai ba, yaron ya gyara masa a gabanmu. Yana fita ciyaman ya ja layi a kan sunansa. Ba mu hana shi ba, don mu ma mun ga rashin tarbiyya."

"To shekarar fa, Kawu? Wa ke da gaskiya?"

Mama ta ce, "Ka ji ta ko? Ka ji irin abin da nake gaya maka?"

Kawu ya yi dariya. "Yaron ne ke da gaskiya. Yanzu yana sayar da taki a Zonkwa."

Mama ta kama kunnenta da hannu ɗaya tana kallona. "Ki yi mini alkawari. Rana ɗaya ce tak. Abin da suka tambaye ki, ki amsa. Idan babba ya yi magana, ko me kika gani, ki haɗiye. Idan kin samu aikin, sai ki je ki yi ta surutunki a can, mu huta."

Na yi mata alkawari. Ba tilasta ni aka yi ba, gara in faɗi wannan. Ni ma tsoro nake ji. Ban taɓa shiga ofishin da ya wuce na sakatariyar ƙaramar hukuma ba, kuma ga mutane biyu da suka fi kowa sona suna nuna mini hanya. Na ji daɗi ma da aka ba ni doka da zan riƙe.

Washegari na shiga motar Abuja, muka bi ta Kagoma da Kwoi muka fito Jere, inda direba ya tsaya shan mai, masu ayaba da gyaɗa suka rufe motar. Ban iya cin komai ba. Na kwana wurin wata 'yar ikilisiyarmu da ke aikin nas, da safe ta sa ni a tasi.

Mutum uku ne a ɗakin. Wata mata mai gilashi, wani saurayi da bai girme ni da yawa ba, da wani dattijo mai furfura a tsakiya, sanye da kaftani, wanda suka ce shi ne shugaban sashen. Da Turanci aka yi komai. Sanyin ɗakin ya sa na gode wa mai kwat.

Farkon ya tafi daidai, har na yi mamaki. Matar ta tambayi inda na yi karatu, na ce sakandare, ta rubuta ta wuce, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Saurayin ya ba ni wata matsala in warware a allo. Na warware, ya canza ta, na sake warwarewa. Na nuna musu manhajar shago a wayata. Na so in ba su labarin furojet ɗin da aka buga sau uku, amma na tuna an ce in amsa abin da aka tambaya kawai, sai na bar shi. Duk da haka na ga suna kallon juna irin kallon da ake yi idan abu ya yi.

Sai dattijon ya jawo kwamfutarsa, ya haska wani kod a babban allon bango.

"Wannan ni na rubuta shi da hannuna," in ji shi. "Shi zai riƙa tura kuɗi idan kwastoma ya danna a wayarsa. Ina so mu sake shi mako mai zuwa. Karanta ki gaya mini yadda kika gani."

Ban kai ƙarshe ba na gan shi. Ciwon da na sani ne. Babu abin da zai hana a karɓi dannawa ta biyu. Mutum yana Fadan Kaje, netwok ya tsaya yana juyi, ya sake dannawa, kuɗin makarantar ɗansa ya fita sau biyu. Maganar ta taso har ta iso bakina, na ji ta a kan harshe.

Na kalli dattijon. Sa'an Kawu ne, har yadda yake ɗora hannu a kan ciki. Ya ce da hannunsa ya rubuta. Ga yaransa biyu a zaune, dama da hagu, kowa da biro. Na ga yadda zai kasance: 'yar shagon buga takarda daga Kafanchan, cikin kwat na aro, ta gaya wa shugaban sashe a gaban yaransa cewa aikinsa zai kwashe wa mutane kuɗi. Na tuna mai sayar da taki a Zonkwa.

Na ce, "Ya yi kyau, sa."

"Babu abin da za ki canza?"

"Yana da tsabta, sa. Ana karanta shi da sauƙi."

Matar ta ce, "Ba sauri muke ba. Ki sake dubawa."

Na sake dubawa, ko in ce na yi kamar ina dubawa. Don kada in zama kamar ban san komai ba, na nuna wani suna da aka ba wani abu a layi na sama, na ce da an tsawaita shi zai fi bayani. Dattijon ya gyaɗa kai. Ya jira. Har yau ina jin tsawon jiran nan. Saurayin ya sunkuyar da kai yana juya bironsa. A lokacin na ɗauka gajiya ce.

"To, mun gode," in ji dattijon, ya rufe kwamfutar.

Na fita ina jin na yi abin kirki. Na cika alkawari, saura rabi na biyu na koyarwar Kawu. Maimakon in sauka ƙasa, sai na tsaya a baranda kusa da tukunyar wata fulawa, ina jiran a tashi. Wasu masu neman aikin suka shiga suka fito. Takalmin aro yana cin ƙafata. Can sai ga dattijon ya fito shi kaɗai, yana waya da Hausa. Na bari ya gama, na matsa, na ɗan rusuna.

"Baba, sannu da aiki. Don Allah ina da 'yar magana."

Ya tsaya. "A'a, 'yar Kafanchan. Ba ki tafi ba?"

Na rage murya, na duba babu kowa kusa. Na ce masa kod ɗin nan kada a sake shi haka. Na gaya masa inda matsalar take, da abin da zai faru idan netwok ya yi rauni, da yadda ake toshe ta. Har labarin furojet sau uku na ba shi. Ban taɓa yin bayani mai kyau kamar wannan ba, kuma cikin ladabin da ko Kawu zai ba ni maki.

Ya saurare ni har na gama. Fuskarsa ba ta nuna mamaki ba, sai wani abu kamar gajiya.

"Na sani," in ji shi. "Ni na cire wurin da gangan. Kowa muna nuna masa. Yaushe kika gani?"

"Tun karatun farko."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Yaranka suna wurin, Baba."

Sai ya ce, "Wa ya koya miki haka?"

"Kawuna."

"Ya koya miki abu mai kyau. Ni ma haka aka koya mini a gida. Amma yaran nan da kika gani, aikinsu ke nan su gaya mini na yi kuskure, a gaban kowa, kafin abin ya fita. Wancan saurayin jiya ma ya yi mini. Idan kowa zai jira ni a baranda, wata rana ba zan fito ta baranda ba, abin ya tafi wayoyin mutane."

A nan bakina ya dawo, da ya ga dama. Na ce, "Wannan ai tarko ne, Baba. Ka sa furfura a gaba, ka ce da hannunka ka rubuta. Wace 'yar mutunci ce za ta buɗe baki?"

"Tarko ne," in ji shi, ko musu bai yi ba. "Kin ga da kin yi mini irin wannan maganar a ciki, da yanzu wani zance muke yi."

Na ce to ai ga shi na faɗa, ya shiga ya gaya musu. Ya girgiza kai. Ya ce su uku ne, kowa ya ba da makinsa a kan abin da ya faru a ɗaki, kuma an riga an tura. Ya ce idan ya canza don na same shi a gefe, bai yi wa sauran da suka tafi gida adalci ba. Na so in yi gardama, amma na rasa ta inda zan kama, don ni ma da ni ce a cikin sauran ba zan yarda ba.

"Ana sake buɗewa," in ji shi. "Ki sake nema. Jarrabawar daga farko za ki fara, babu wanda zai ɗaga miki ƙafa."

Ya tambaye ni ko jirgin ƙasa yana tsayawa a tasharmu har yanzu, wai yana yaro ya taɓa wucewa ta nan da babansa. Ban san me na amsa masa ba. Na sauka, na cire takalmin a bakin geti, na sa silifas ɗina da ke cikin jaka.

Imel ɗin ya zo bayan kwanaki, gajere, mai ladabi, cewa ba su ɗauke ni ba. Ina tsince acca a tsakar gida na gaya wa Mama. Ta ajiye abin da ke hannunta.

"Me kika faɗa musu?"

"Mama, na cika alkawari."

"Ke ɗin? Gaya mini gaskiya, wa kika gyara wa magana?"

Na ce babu. Ta yi tsaki a hankali, ta ce Ubangiji ya san abin da ya sa, amma na ga ba ta yarda ba. Kawu ya zo da kansa da yamma, abin da bai saba ba. Ya ce kada in karaya, takarda ce matsalar, zai yi magana da wani tsohon ɗalibinsa a samo mini gurbin karatu na ƙarshen mako. Ya kawo mini lemo daga bishiyarsa a cikin leda. Na buɗe baki in ba shi labarin baranda, sai na ga yadda yake murza hularsa a gwiwa, na ce na gode, Kawu.

Na yi ta neman wanda zan ɗora wa laifi. Kawu ya faɗi abin da ya gani da idonsa a zamaninsa, kuma har gobe a coci da gidan biki da taron gari, hanyarsa ce ke aiki. Mama tsoro take ji kada halina ya rufe mini ƙofa. Dattijon bankin ya tambaye ni, ya sake tambaya, matar ma ta ba ni dama. Abin da ke damuna idan ina zaune a shago ina buga furojet ɗin wani a kan kiwon kaji shi ne, tun tasowata ake ce mini in rage baki, a gida, a makaranta, a coci, kuma ban taɓa ragewa ba. Sau ɗaya na shiga ɗakin da bakin nan nawa suke nema, za su biya ni albashi a kansa, ranar ce kuma na zaɓi in zama yarinyar kirki. Da a ce ban ga kuskuren ba, da tuni na manta da zancen, in ce ilimina ne bai kai ba, in ƙara karatu. Na gan shi kafin in kai layin ƙarshe.

Wani lokaci ina tunanin saurayin nan da ya sunkuyar da kai. Ina jin ya gane na gani. Wataƙila shi ma daga irin gidanmu ya fito.

Na gaya wa Oga daga wata mai zuwa ba zan riƙa zuwa ranar Asabar ba. Ya yi ƙorafi, na ce ya nemi wata idan bai yarda ba, ya yarda. Asabar ɗin zan riƙa shiga wani zaure a intanet inda mutane ke ɗora kod ɗinsu a duba musu, in karanta, in rubuta abin da na gani a fili inda kowa zai karanta, ko mai shi farfesa ne. Idan bankin ya sake buɗewa zan sake nema, kuma ba wanda zai ji a unguwa. Idan sun kira ni, sai na shiga mota ta tashi zan buga wa Mama waya, in ce ta yi mini addu'a.